Inuwar Malam Sama'ilu

Lokacin da Barira take takaba, kullum da hantsi sai ta tarar da ɗaurin harawa a zaure. Sai da ta fita takaba ta san Malam Sama'ilu ne yake ajiye wa awakinta. Bai taɓa faɗa ba.

Maƙwabcinsu ne, mai tufkar igiya. Shekara talatin wurin zamansa ɗaya, gindin katangar gidanta ta lungu, inda inuwa take kai wa la'asar. Nan manoma suke samunsa, su sayi igiya, su tsokane shi wai ya fi katangar daɗewa.

Bana da zafi ya tsananta, ɗanta Naziru ya zo daga Rijiyar Zaki da sola da mai haɗa esi, na'urar sanyaya ɗaki, wani Kamilu. Kamilu ya auna ɗakin, ya ce ƙaramin ya isa, mai kashi biyu: ɗaya a ɗaka, ɗaya a waje, lokacin sanyi kuma yana ba da ɗumi. Na wajen dai iska mai zafi yake fitarwa, ga ƙugi. Ko a kafa shi a tsakar gida inda take shimfiɗa tabarma, ko ta lungu. Ya ce ta zaɓa.

Ta san wanda yake zama a lungun. Ta ce a sa ta lungu.

Kwana uku Malam Sama'ilu ya yi hucin yana dukan ƙeyarsa. Rana ta huɗu ya ja buzunsa gaba, inda inuwar ba ta wuce azahar. Masu saye suka rage zama. Barira tana leƙensa ta zaure, yana tufka, gumi na bin gemunsa. Sanyin ɗakin ya daina yi mata daɗi. In za ta unguwa sai ta zaga ta bayan masallaci.

Ran nan da yamma ya yi sallama. Ta fito, ta tsuguna daga ciki, ta gama shirya ban haƙuri. Suka gaisa, ya tambayi lafiyar Naziru, sannan ya ce:

"Maman Naziru, alfarma na zo nema. Ruwan nan da yake ɗiga daga bututun esin nan, in ba kya komai da shi, ki bar ni in tara kwano. In jiƙa kabata."