Kwana Ukun da Yaya Ta Amsa Mini Gaisuwa

Shekara biyu ina rufe ƙullutun wuyana da mayafi, ina cewa maƙoƙo ne. Da likita a Garwa ya ce ciwon daji ne, kuma sai an yi tiyata an cire, ban yi kuka ba. Tambaya ɗaya na yi masa: muryata fa? Ni mai sayar da atamfa ce, da baki nake cin abinci. Ya ce jijiyar murya tana kusa da inda zai yanka, zai lallaɓa ta, amma bayan aiki in huta da surutu na 'yan kwanaki.

Aiki ya yi kyau. Abin da likita bai lissafa ba shi ne 'yan dubiya. A wurinmu ba a gaishe ka ka yi shiru, ko kana kan gadon asibiti. Ga dangi, ga matan layinmu na kasuwa, ga maƙwabta Fulani da gaisuwarsu mai tsawon zango. Sai yayata ta ja kujera ta zauna a kaina, ta zama bakina. A ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi." A ce da Fulatanci, "Jam na?" ta ce, "Jam." Ni kuwa sai ɗaga hannu. Haushi kamar ya kashe ni, don har da waɗanda ba na shiri da su take amsa wa da fara'a. A ƙasan haushin kuma tsoro ne, ban gwada muryar ba, ban san ko tana nan ba.

Rana ta uku Goggo, ƙanwar babanmu, ta iso daga Poli. Idonta ya tafi, da murya take gane mutane. Ta lalubi ƙafata.

"Sannu, 'yar nan. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Goggo," in ji Yaya.

"Ba ke na tambaya ba."

Ta sake gaishe ni, ta jira. Ta ƙara riƙe ƙafata. Ta ce a hankali, "Ku faɗa mini gaskiya, wa nake taɓawa?"

Na dubi Yaya, ta girgiza kai. Na dafe bandejin wuyana, na ce, "Da sauƙi, Goggo."

Abin da ya fito kamar ƙarar tsohuwar ƙofa ne, amma ya fito. Goggo ta saki ƙafata ta zauna.

"To, ke ce," ta ce. "Yanzu yi shirunki."