Gwangwanin Bayan Buhun Shinkafa

Ni dai tun ina Katsina ban yarda da kuɗin da ba zan iya taɓawa da hannuna ba. Da na zo Greenbelt, kusa da Washington, na kama aikin kula da tsofaffi, halin bai canza ba. Akwai wani gwangwanin madara da na ɓoye a bayan buhun shinkafa, a ciki nake ajiye kuɗin jirgi. Inna ta tsufa, ni kuma na yi wa kaina alkawari duk ranar da aka bugo waya aka ce in zo, ba zan tsaya neman kuɗin tikiti ba.

Ɗiyata ta fari, wadda ta tashi a nan, tana samun aiki a wani ofis a Washington sai ta zama malamar kuɗi a gidana. Kullum ta sauko daga jirgin ƙasa da sabon wa'azi. Wai akwai asusun tsufa da ake zuba kuɗi a sayi hannun jari, ribar da aka samu ba a cire mata haraji in mutum ya haƙura har ya manyanta. Kuɗin gwangwani kuwa, wai tsadar kaya tana cin su kamar gara.

Na ce, "Kuɗin ruwa fa?" Ta ce akwai na halal, kamfanonin da aka tace. Na ce, "In kasuwa ta faɗi fa?" Ta ce tana tashi. Na ce mata ni ban taɓa ganin katangar da ta faɗi ta miƙe da kanta ba.

Naci dai ya yi mata rana. Ta buɗe mini asusun a waya, ta nuna mini yadda zan riƙa tura wani abu duk wata, ta ce saura in zaɓi abin da zan saya. Na ce to, amma hankalina yana kan miyar da na bari a wuta.

Bayan shekara guda da 'yan watanni kasuwa ta yi ƙasa. Ranar da muka taru a garin Manassas wajen adashinmu na mata, kowa sai salati take yi. Wata 'yar Kumasi ko wainar da aka zuba mata ta kasa ci. Na faki ido na duba wayata, sai na ga kuɗina suna nan daram, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ai kuwa na miƙe ƙafa na shiga ba da shawara. Na ce musu harkar jari sai da ido da addu'ar uwa. Har wata ta roƙe ni in zaɓa mata nata.

Ina dawowa gida na miƙa wa ɗiyata wayar ina hura hanci. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta zube a kujera tana dariya har da hawaye.

"Mama, ba ki sayi komai ba fa! Kuɗin a zaune kawai suke."

Ashe na je kasuwa da kuɗina na zauna a bakin ƙofa fiye da shekara. Gwangwani na biyu na buɗe, sai dai shi a waya yake. Kunya ta kama ni sosai, musamman da na tuna matan Manassas.

A ranar muka zauna ta saya mini na halal ɗin, ina ta bismilla. Da ta ga ta samu fuska, sai ta ce a kawo na bayan shinkafa ma a haɗa, ai ko a can mutum yana iya ciro abin da ya zuba.

Nan na tirje. Na ce, "Wancan na tsufana ne, ya hau ya sauka, na ji na gani. Wannan na Inna ne. Ranar da aka kira ni ba zan tsaya tambayar lafiyar kasuwa ba."

Ba ta yi musu ba. Abin ya ba ni mamaki, don yarinyar nan uwar gardama ce.

Bayan sati biyu na je ɗibar shinkafa, na ga murfin gwangwanin bai rufu daidai ba. Na yi wuf na jawo shi. Na buɗe, sai ga wata ambulan a kan kuɗina, an rubuta a bayanta da Hausar ɗiyata mai ɗingishi: "Tikiti na biyu. Ba za ki je ke kaɗai ba."

Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan daɗi. Abincin ranar sai bayan la'asar aka ci shi.