Mai Tsintsiyar Zaurenmu Ya Miƙa Makulli

Shekara goma sha uku, kafin ya ɗaga ƙofar shagonsa na gyaran injin kwafi, sai ya fara share mana zaure. Ba zauren ƙasa ba, na intanet, inda muke haɗuwa mu masu gina wata manhaja ta kyauta da ƙananan makarantu ke tsara jadawalin darasi da ita. Manhaja ce ta kowa: wanda ya iya ya buɗe cikinta ya gyara, wanda bai iya ba ya kawo ƙorafi. Shi kuwa zai zauna kan kujerar roba tsakanin injinan da ya farke wa ciki, tabarau a ƙarshen hanci, tsohuwar kwamfutarsa na ta gurnani, ya karanta duk saƙon da aka bari. Ya kwashe tallan banza, ya yi wa baƙo maraba, ya raba masu cacar baki. Daga nan muka laƙaba masa Mai Tsintsiya, har sunansa na yanka ya ɓace mana.

Allah sarki, wancan zamani! Duk wanda ya turo gyaransa na farko, ko shirme ne, sai Baba Mai Tsintsiya ya fara da sannu da ƙoƙari kafin ya nuna masa inda ya kwafsa. Idan kuma wani ya yi wa wani rashin kunya, ba ya tsawatarwa a bainar jama'a. Share maganar zai yi, ya kira mai laifin a waya su kashe ta tsakaninsu. Cewa yake rufin asiri ya fi tonon silili, kuma dabarar ta daɗe tana ci.

Ana nan sai wata malamar lissafi ta shigo. Ta gano manhajar kan saka malami ɗaya a aji biyu a lokaci guda, ta zauna ta rubuta gyaran da kanta. Ashe wurin da ta gyara ɗin, aikin Injiniya ne, gwaninmu, wanda rabin manhajar daga hannunsa ta fito, kuma aminin Baba tun kafin a kafa zauren. Gogan naka ya hau ta da izgili, wai ta koma ta riƙe alli, nan ba wurin mata ba ne. Bai tsaya nan ba, ya nemo hotonta ya liƙa, 'yan kanzagi suka yi ta shewa. Da safe Baba ya share komai, ya kira Injiniya ya wanke shi tas, ya ɗauka magana ta mutu. Malama kuwa ɗif, ko tarinta ba a sake ji ba.

Sati uku abin na cin Baba, har matarsa ta fara tambaya ko lafiya. Daga ƙarshe ya samo lambar Malama ya kira, ya shaida mata ai ya share, ya kuma ja wa mutumin kunne.

Ta ce, "Na gode, Baba. Amma mutum ɗari huɗu ne suka karanta zagin. Mutum nawa suka ji jan kunnen?"

Daga baya ya faɗa mana a ranar ya gane duk shekarun nan asirin mai zagi yake rufawa, wanda aka zaga kuwa ya bar shi a rana.

Washegari ya yi rubutu inda kowa zai gani. Da kansa ya fara, ya ba Malama haƙuri kan shirun da ya yi. Sannan ya dakatar da Injiniya wata uku, alhali saura sati biyu a koma makaranta, ga sabon zubin manhajar bai kammala ba. Zo ka ga gunaguni! Har ni mai wannan rubutu, da kunya nake faɗa, na ce masa ya bari aiki ya fita tukuna.

Ya ce, "Ɗana, idan sai an taka mutum jadawali zai fito, gara makarantu su koma takarda da biro."

Manhajar ta makara zango guda. Injiniya bai dawo ba, ko wayar Baba bai sake ɗauka ba. Har gobe idan an ambace shi sai ka ga Baba yana kewar amininsa, ba ya kuma ɓoyewa.

Baba, kai ne ka zaunar da mu muka rubuta ƙa'idar zaure, ka ce a riƙa kai ƙara gun mutum uku, kada abota ta sake danne hakkin wani. Sunanka ba ya cikin jerin gwanaye, duk abin da ka rubuta a manhajar bai cika shafi biyu ba, amma da yawanmu albarkacinka muke nan. Dattijo mai iya cewa na yi kuskure!

Yanzu ido ya gaji, likita ya hana shi daɗewa gaban kwamfuta, ya miƙa makullan zaure. Cikin mutum ukun da suka karɓa har da Malama, wadda ta dawo bayan wata takwas. Ta ce ba dakatar da Injiniya ne ya dawo da ita ba, ganin sa'an mahaifinta ya ba ta haƙuri a gaban kowa ne.

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara wa ido haske, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu riƙe da zauruka irin namu, ku ɗauka daga nan: wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a, a gaban jama'a ake mayar masa da abinsa. Kada ku bari ya jira sati uku.