Jan Bik a Wuyan Zane

Shekarata ta biyu a jami'a, ina koyon zane da tsara talla a Parakou, ban iya zama wuri ɗaya ba. In ina aji hankalina yana garinmu Djougou, in na je Djougou ƙafata tana ƙaiƙayin komawa. Baba ya yarda da karatun ne bisa sharaɗi: ranar da na faɗi jarrabawa, in tattaro in dawo shagon goro, magana ta ƙare.

Malaminmu ya ce makin shekarar duka yana kan aiki ɗaya, wato fuskokin mutane da fensir. Na yi ta hawan zemijan, wato baburan haya, zuwa kasuwar Arzèkè, ina lallashin masu doya da masu atamfa su tsaya min. Wata ta ce, "Kai ɗan nan, ka rasa aikin yi ne?" Haka na sha zagi da rana har na cika jakata.

Ana gab da miƙa aikin, rashin zamana ya kai ni gida. Na ajiye jakar a zaure na fita gaishe-gaishe. Ina dawowa na tarar da Baba a kan tabarma, takarduna a baje, jan bik, wato biro, a hannunsa. A gidanmu tun zamanin kakanni, in aka ga surar mai rai, akan ja layi a wuyanta, don kada gobe kiyama a ce wa mai zanen ya hura mata rai. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanka, a natse, kamar mai tsince goro.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Ka kashe ni!"

Ya ce, "Ceton ka nake yi, sakarai."

Sai na lura takarda ɗaya ta rage a cinyarsa, bai taɓa ta ba. Kakata ce, mahaifiyarsa, wadda ta rasu ina ƙarami ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ka na zana ta, da tsagar kumatunta da yadda take karkata ɗankwali. Nan da nan na fara lissafi: da wannan ɗayar zan iya roƙon malami, ko Allah zai sa ya tausaya.

Baba ya ɗaga bik, ya sauke. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan ma kai wa malamanku za ka yi?"

Na so in ce e. Amma sai na tattara sauran takarduna. Na bar masa ita, na hau mota da yankakkun zane-zanena, ina ta tsaki har Parakou. Malami ya duba, ya girgiza kai. Na faɗi.

Na kwaso kayana na shiga shago, na ja buhu na zauna, ban ko gaishe shi da kyau ba. Baba ya dube ni.

"Wa ya kira ka?"

"Ai kai ka ce in na faɗi..."

"Tashi ka koma ka maimaita." Ya ci gaba da yayyafa wa goro ruwa, bai ɗago ba. "Amma in ka zo hutu, ka taho da fensirinka. Zan faɗa maka yadda hancin babana yake."