Rijiyar da Muka Rufe

Shekarar da na fara aiki da poroje, wato shirin raya karkara, abin da na sani game da rijiya bai wuce abin da kowace ƴar birni ta sani ba: rami ne mai ruwa, kuma ba a cika leƙa shi ba. A Tasawa aka haife ni, gidanmu da pampo a tsakar gida, mahaifina mai sayar da atamfa ne a kasuwa. An ɗauke ni aiki saboda ina da takardar lakwal, wato boko, ina jin Faransanci, kuma ina iya wuni a bayan moto, wato babur, ban yi ƙorafi ba. Aikina shi ne in tara mutane, in fassara, in rubuta sunaye.

Tallafin daga ƙasashen waje ya zo. Manufarsa, yadda aka karanta mana a biro, ofishinmu na Maraɗi, ita ce a raba karkara da injin jan ruwa mai shan man gazuwal a koma ga hasken rana, inda kuma ba a taɓa samun inji ba a tsallake shi gaba ɗaya. Da ruwan da za a samu mata su yi lambu, su ma su riƙe na kansu. An nanata mana cewa kowa sai ya amfana, mace da namiji, mai shi da maras shi. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, har nakan maimaita ta a taro da murya irin ta masu karanta labarai a rediyo.

Aka ba ni wani ƙauye arewa da Mayahi. Rijiyarsu ɗaya ce, mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka ɗan jira kafin ka ji ta faɗa. Da shanu ake jan ruwan: a ɗaura igiya ga sa, a kora shi ya yi nisa, guga ta fito. Mata kan kashe rabin wuni a wurin. Duk wanda ya ga tafin hannunsu ba zai yi gardama da pampo ba, kuma ni har yau ban yi ba.

Cikin watan Agusta muka yi taron farko, don masu ba da tallafi suna son sunaye kafin wata ya ƙare. Gero ya kai ƙugu, kowa hankalinsa na gona. Na tambayi mai gari sunayen magidantan garin, ya sa aka ɗauko takardarsa, na kwafe tsaf. Aka zaɓi kwamitin ruwa, aka ba wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli shugabanci, abin da ya sa na koma gida ina jin kaina. Kafin mu tashi na zaga rijiyar da littafina. Na ga wasu itatuwa masu baki biyu kafe kewaye da ita, guda shida, sun yi baƙi sun yi santsi. Gwafa ake ce musu, a kansu ake ɗora ɗan gungumen da igiya ke bi. Huɗu ana aiki da su, biyu suna tsaye haka kawai. Na rubuta da kyakkyawan Faransanci cewa biyu sun lalace.

Bayan girbi magina suka zo. Suka tuge gwafun duka shida, suka rufe bakin rijiyar da siminti, aka zura pampo, aka jera farantan hasken rana cikin shingen waya, aka tsayar da shato, babban tankin ruwa a sama. Ranar da ruwa ya fara zuba mata suka yi guɗa, mai gari ya yanka rago. Gwafun kuwa, da su maginan suka yi ta dafa shinkafarsu, sun ma yaba da yadda itacen ke riƙe wuta.

Tsarin ruwan mai sauƙi ne, ni na rubuta shi da hannuna. Rana ta cika shato, a fara ba pampon gidaje, sannan lambun mata, abin da ya rage a sake shi cikin kwami ɗaya na dabbobi. Kowa ya dangwala yatsa.

Da aka saki gonaki makiyaya suka dawo daga arewa. Wata rana ina tsaye bakin shingen ina ƙirga bokiti don rahoto, sai wani dattijon Bafulatani ya zo, dogo, da malafa da sanda. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da aiki da gajiya da mutanen Tasawa, da Hausar da ta fi tawa daɗin ji. Sannan ya dubi simintin ya ce, "Ɗiyata, ina gwafata?"

Na ɗauka itacen yake nema, har na fara tunanin inda za a samo masa wani. Mai gari ne ya zaunar da ni a zaurensa ya yi mini bayani, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Lokacin da aka haƙa rijiyar, mahaifin dattijon ya ba da bijimai aka ciyar da masu haƙa, shi ya sa aka bar shi ya kafa gwafa. Mai gwafa yana da hakkin jan ruwa, shi da ƴaƴansa da jikokinsa, ba ya neman izinin kowa. Biyun da na gani tsaye ba lalacewa suka yi ba, masu su ne suka tafi arewa da shanu, kamar kowace damina. Sunansu kuma ba ya cikin takardar mai gari, don makiyaya wurin arɗonsu ake rubuta su, ko da a nan aka binne kakanninsu.

Na tambaye shi me ya sa ba wanda ya gaya mini.

"Malama, mutanen gari kinka tambaya, su munka ba ki," in ji shi. "Gwafun kuma kin gan su da idonki, har kinka yi rubutu. Mun ɗauka kin san mi suke nufi."

Na yarda da rabin maganar. Ɗayan rabin, na san akwai waɗanda shanun Fulani a bakin rijiya sun daɗe suna tsaya musu a rai, kuma shirun bai yi musu ciwo ba. Amma ni ce na riƙe biro ɗin rubutu, ba su ba.

Lokacin sanyi abin bai fito fili ba, don tabkuna na da sauran ruwa. Da bazara ta kama suka ƙafe. Dattijon yakan kawo garkensa da hantsi su tsaya nesa da kwami, cikin rana, suna jiran gidaje su gama, lambu ya gama. Wani lokaci sai bayan la'asar ake sakin ruwan, wani lokaci abin da ya zubo bai wuce ya jiƙa gindin kwamin ba. Da can in ruwa bai isa ba sai a ƙara jan guga, ƙarfinka ne iyakarka. Yanzu abin da rana ta ba shato shi ke nan. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya faɗa masa baƙar magana. Shugabar kwamiti ma sau biyu tana rufe ruwan lambu don shanunsa su sha, har sauran matan suka taso mata, suka nuna mata kabeji da salati sun langaɓe. Su ma suna da gaskiya, wannan lambun shi ne abu na farko da suka taɓa mallaka ba da sunan miji ba.

Abin da ya roƙa ɗan kaɗan ne. Bai ce a cire pampo ba, bai ce a taɓa lambu ba. Ya ce a huda simintin daidai faɗin guga, ya kafa wata gwafar, ya ja ruwansa da shanunsa kamar yadda ya saba. Na ɗauki maganar na kai biro. Injiniyanmu ya ce rufin shi ke kare ruwan daga ƙazanta, kuma in aka fasa shi waɗanda suka kafa pampon za su zare hannunsu daga gyara. Shugabana ya saurare ni da kyau, mutumin kirki ne, ya ce in rubuta shi a matsayin darasin da aka koya, za a sa makiyaya a kashi na biyu na aikin in an samu. Na rubuta shafi biyu. An yaba da rubutun sosai, har an karanta shi a wani taro.

Na koma na ce wa dattijon ana dubawa. Ya ce to, Allah shi sa. Daga yadda ya faɗa na gane ya fi ni sanin abin da "ana dubawa" ke nufi.

Kafin ruwan farko ya sauka ya tashi da iyalinsa da garkensa. Aka ce ya koma wata rijiya gabas, tafiyar wuni guda, inda shi baƙo ne, sai masu gwafa sun gama a ara masa. Baƙi daga waje sun zo daga baya, suka zaga lambun, suka ci tumatir, suka ɗauki hotuna. An sa ƙauyen cikin waɗanda aikin ya yi nasara, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ni ma an ƙara mini ƙauyuka uku.

Shekara ta zagayo, ranar kasuwar Mayahi, na bi ta wajen kara, inda ake cinikin shanu, don gajerce hanya, sai na gan shi tsaye riƙe da wani babban sa. Na so in wuce kamar ban gani ba, kunya ce ta kama ni, amma ya riga ya gan ni. Muka gaisa. Na tambayi shanu, ya ce sun ragu, alhamdu lillahi. Sai na yaba san, na ce irin wannan ai ba na sayarwa ba ne.

"Wanga shi ka ja mini ruwa shekara da shekaru," ya ce. "Ya san tsawon igiyarmu. In ya kai wurin, da kansa yake tsayawa ya juyo, ba sai an yi mishi magana ba. To rijiyar can ta hi tamu zurhi. Sai shi kai inda ya saba shi tsaya, guga na rataye tsakiyar rami, masu rijiya na jirana. Rannan na buge shi, ɗiyata. Ban taɓa bugunshi ba."

Ya shafa wuyan san. Dillali ya iso da wani mahauci, suka fara danna ƙugun dabbar suna duba kitse, ni kuma mai moton da zai kai ni yana can yana jirana.