Yadda Inna Ta Shigar da Ƙasar Sin Jam'iyyarsu

Shekarun baya, lokacin da na haifi ɗiyata ta fari, mahaifiyata ta taso daga Damagaram ta zo yi mini wankan jego a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon. Ga waɗanda ba su san Inna ba, 'yar siyasa ce ta gani-kashe-ni. Ita ce shugabar matan jam'iyyarsu a unguwarmu tun ina ƙarama. Ba ta taɓa riƙe ko kujerar kansila ba, amma in ka ji tana magana sai ka rantse da ita ake shawarar naɗa ministoci. Haihuwar kuma sai ta faɗo daidai lokacin yaƙin neman zaɓe a gida. Tun a filin jirgi, kafin ta tambayi lafiyar jaririya, ta ce da ni a waya, "Ke dai duk watannin Allah kin rasa na haihuwa sai wanda ake kamfe a cikinsa."

Da muka buɗe akwatinta, rabi gero ne da kanwa da yaji, rabi kuwa zanen jam'iyya ne, mai ɗauke da fuskar ɗan takararsu yana murmushi ta ko'ina.

A hawan benen da muke, ƙofarmu tana kallon ta wata 'yar ƙasar Sin, mai bincike a jami'ar da mijina yake aiki. Mun daɗe muna gaisawa, muna aron gishiri da albasa. Ita ma ta haihu gabana kaɗan, ita ma mahaifiyarta ta zo daga ƙasarsu don ta kula da ita. Tsohuwar 'yar siririya ce, gashinta fari fat, ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, kamar dai Inna.

Ni ce na haɗa su, ba da niyya ba. Wata rana zafi ya ishe ni, na saci ruwan sanyi daga firiji na fito baranda ina sha a ɓoye. Sai ga tsohuwar ta fito zubar da shara. Tana ganin gorar tana raɓa, ta fizge ta daga hannuna, ta shiga yi mini faɗa da yarensu. Hayaniyar ta fito da Inna. Ta dubi gorar, ta dube ni, ta dubi tsohuwar, sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, baiwar Allah. Ashe akwai masu tarbiyya a ƙasar nan." Ashe su ma a wurinsu mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta fita iska, sai miya mai zafi da citta. Daga ranar suka zama aminai, ni da maƙwabciyata muka zama fursunoninsu. Inna ta aika da kunun kanwa, tsohuwar ta aiko da romon kaza, bayan an tabbatar wa Inna cewa daga mahaucin Larabawan unguwa aka sayo kazar.

In suna son hira mai tsawo sai su zaunar da mu. Inna ta faɗa da Hausa, in juya wa maƙwabciyata da Faransanci, ita kuma ta juya wa mahaifiyarta da yarensu, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Hirar jarirai ta ƙare, ta abinci ta ƙare, ta ciwon gwiwa ta ƙare. Na san inda za a je, kuma aka je.

"Tambayar mini ita," in ji Inna, "wace jam'iyya take yi a can?"

Maƙwabciyata ta yi ɗan murmushi ta ce mahaifiyarta malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma 'yar jam'iyya ce tun tana budurwa. Inna ta tafa hannu. "Na faɗa! Tun daga tafiyarta na gane. To wacce daga ciki? Mai mulki ko 'yan adawa?"

Aka ce mata ai guda ɗaya ce ke mulki, ita ce jiya, ita ce yau.

"Su wa suke kayarwa a zaɓe?"

Aka ce ba irin wannan zaɓen ake yi ba.

Inna ta gyara zama. Can ta ce, "To in an ƙi gyara muku famfo, wa kuke zagi? In ɗan uwanki ya ɓata miki rai, ina kike komawa don ki ƙona masa zuciya?" Na juya tambayar yadda zan iya. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce lokacin tana yarinya garinsu ba wuta ba hanya, yanzu jirgin ƙasa mai gudu yana tsayawa a ƙofarsu. Inna ta ce wannan gaskiya ne, ta ga aikinsu da idonta, ga matatar mai can kusa da garinmu, ga gada a Yamai. "Amma dai ki ce mata na tausaya mata. Mace kamar wannan, shekara da shekaru tana jam'iyya, ba a taɓa ɗinka mata zanen kamfe ba."

Washegari Inna ta ciro turmi guda na zanen jam'iyya, ta ɗaura wa tsohuwar, ta kafa mata ɗaurin kallabi irin na matan Damagaram ranar gangami. Tsohuwar ta ji daɗi ƙwarai, tana ta juyi gaban madubi, a zatonta hoton wani mawaƙi ne a jikin zanen. Inna ta miƙo mini waya ta ce in ɗauke su. Ni kuwa, mai digiri biyu a fannin sadarwa, na gyara musu tsayuwa, na ce su matso kusa da taga don haske ya fi kyau.

Ban san ta tura hoton zauren wasaf na matan jam'iyya ba, tare da saƙon murya. Daga baya na saurare shi. Cewa ta yi, "Mata, ku yi guɗa. Ga shi ina Faransa amma ban zauna banza ba. Wannan babbar 'yar jam'iyyar ƙasar Sin ce, kuma ta karɓi tafiyarmu hannu biyu."

Kafin mako ya zagayo, hoton ya dawo mini ta hannun mutane daban-daban, kowane da nasa bayanin. Wani ya ce jakadiya ce. Wani ya ce matar mai matatar man ce. Wanda ya fi kowa zafi shi ne na kawuna, ƙanen Inna, mai shagon wayoyi a unguwar Goutte d'Or a Paris, wanda yake wakiltar jam'iyyar adawa a can. Ya ɗora hoton a shafinsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga hujja, Shinuwa, wato 'yan Sin, sun gama da man fetur, yanzu sun shigo zaɓe.

Ni dariya na yi ta yi. Har na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata na nuna mata, ina jiran mu yi dariyar tare. Ta karanta fassarar rubutun Kawu, ta sake karantawa, fuskarta ta sauya. Ta ɗauki wayarta ta kai ɗakin barci, ta rufo ƙofa, sannan ta dawo ta zauna kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa, alhali daga ni sai ita sai jarirai.

Ta ce, "Mutanenmu da yawa suna aiki a ƙasarku, kuma suna da waya kamar kowa. Gwamnatinmu kullum tana cewa ba ta shiga siyasar kowa. Yanzu ga mahaifiyata, 'yar jam'iyya, sanye da fuskar ɗan takarar wata ƙasa. Yayana ma'aikacin gwamnati ne."

Na ce, "Me za a yi musu?"

Ta ce, "Wataƙila ba komai. Wataƙila a kira shi a yi masa tambayoyi, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi, ba kuma wanda zai faɗa masa dalili. Ban sani ba. Ba wanda yake sani."

Dariyata ta koma ciki. Da na shaida wa Inna, da farko cewa ta yi, "A kan zane?" Amma da yamma ta yi tsohuwar ba ta leƙo ba, romon kaza bai zo ba, sai na ga Inna ta zauna ta yi tagumi. Ta goge nata saƙon, ta kira matan zauren ɗaya bayan ɗaya. Saura Kawu. A waya ya ce shi bai ga abin gogewa ba, ranar Lahadi ma za su buga hoton babba su kai taronsu.

Dama mun yi arba'in, kuma daga Paris jirgin Inna zai tashi. Muka hau jirgin ƙasa da jaririya a baya, muka sauka, muka wuce shagon Kawu kai tsaye. An yi gaisuwa cikakkiya, an tambayi gida da gajiya da sanyi, ya karɓi jaririya ya yi mata addu'a, ya aika a kawo mana shayi. Sannan aka buɗe wuta.

"Yaya, ni ba da ke nake ba," in ji Kawu. "Ƙasa nake karewa. Mutanen nan sun shiga ko'ina. Rijiyar mai su, hanya su, har buta da tabarmar sallah su suke yi mana."

Inna ta waiga ta dubi shagon daga sama har ƙasa. Ta ɗauki waya ɗaya ta juya bayanta ta miƙo mini. "Karanta mini, a ina aka yi wannan?" Na karanta. Ta ɗauki caja, ta ɗauki abin saƙalawa a kunne, ta ɗauki fitilar da ke kan teburinsa. Duk amsa ɗaya. Ta ce, "Alhaji, ashe kai ne jakadan nasu, ni ake zargi."

Masu jiran a gyara musu waya suka fashe da dariya, har da wani Basanagale da ba ya jin Hausa. Kawu ya gyara hula ya ce kasuwanci daban, siyasa daban. Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin halin da maƙwabciyata take ciki. Na ga abin ya taɓa shi, amma ya ce in ya goge yanzu mutanensa za su ce an saye shi.

Sai Inna ta kurɓi shayi ta ce, a hankali, "Akwai wani hoto a ɗakina, cikin kwalla. Kai ne a ciki, da hular jam'iyyarmu, kana riƙe wa ɗan takararmu lema. Shekarar da ba ka riga ka sauya sheƙa ta biyu ba. In na koma zan sa jikana ya ɗauke shi da waya."

Kawu ya ce, "Yaya, ai ba a haka tsakanin 'yan uwa."

Aka yi sulhu a tsaye. Shi zai goge, ita kuma za ta yi saƙon murya ta janye maganarta, ya tura wa mutanensa don kada ya ji kunya. Nan aka sha wuya. Ɗauka ta farko ta fara da ban haƙuri ta ƙare da yi wa ɗan takararsu kirari. Ta biyu ta zagi jam'iyyar Kawu. Sai da jaririya ta farka ta yi kuka ta koma barci kafin muka samu wadda za a iya turawa. Ga abin da ta ce: "Jama'a, matar nan ƙawata ce, jego ya haɗa mu. Ba ta shigo jam'iyyarmu ba. Tana da tata, kuma tata ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba, me za ta zo nema a wurinmu? Duk mai hoton ya goge, don girman Allah."

Ba zan ce hoton ya ɓace daga duniya ba. Amma a kwanakin wani ɗan majalisa ya sauya sheƙa a gida, kowa ya koma kansa, aka manta da mu. Ba abin da ya sami yayan maƙwabciyata. Sai dai ta ɗauki watanni tana gaishe ni a tsaye kafin ta dawo shiga ɗakina kamar da. Tsohuwar kuwa, kafin ta koma, ta kawo mini ganyen shayi ta ce in aika wa Inna, ta kama hannuna ta yi ta magana. 'Yarta ta ce cewa take yi ba ta taɓa ganin mace mai surutu da zuciya mai kyau irin mahaifiyata ba.

Na taso a gidan da ake zagin shugaban ƙasa ana tuƙa tuwo, har na ɗauka haka duniya take. Ban taɓa lissafa shi cikin abin da muke da shi ba, don ba ya gyara famfo, ba ya kawo wuta. Su kuma suna da jirgi mai gudu da hanyoyi, suna gina wa wasu ma, amma na ga mace mai digirin digirgir ta kai wayarta wani ɗaki kafin ta yi maganar yayanta. Har yau in ana gardamar wane tsari ya fi, a wurin aiki ko a nan shafin, nakan yi shiru fiye da da, don na zauna tsakanin tsofaffi biyu ina fassara, kuma kowacce tausayin ɗayar take ji da gaske.

Yanzu da aka rusa jam'iyyu a gida, Inna ba ta da gangami, ba ta da zaure, sai jikoki da rediyo. Kwanan baya ta kira ni, muka gama gaisuwa, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ki gaishe mini da ƙawata ta Sin. Ki ce mata ashe ita ce mai arziki. Ita ko ɗaya tana da ita."