Kimcin Shekarar da Harshen Sun-deok Ya Mutu

A ƙauyensu na gindin dutse a yankin Goesan ba mai kiran Sun-deok da sunanta. 'Yar Boeun ake ce mata, don daga can aka kawo ta amarya, kuma har ta yi furfura sunan bai sake ta ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ga baki, Allah ya sani. Ta binne miji, ta yi wa ɗanta aure, ta noma kabeji har bayanta ya lanƙwashe. Abin taƙamarta a duniya ɗaya ne, harshenta. Idan kaka ta yi nisa, sanyi ya fara cizo, aka shiga kimjang, haɗin kimci, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri da barkono, wanda gida zai ci har bazara, maƙwabta kan aiko a kira ta ta ɗanɗana musu. Ta lakato da yatsa, ta lumshe ido, ta ce, "Ke kuma gishirinki yawo ya tafi?" Ba mai yi mata musu.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da ita da damina. Da ya tashi tafiya ya haɗa da harshen da hancin gaba ɗaya. Miya ta koma ruwan ɗumi. Ta zuba gishiri a tafin hannu ta lasa, ta ji kamar yashi. Ranar ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka sosai, ita da ko a jana'izar mijinta sai da mutane suka watse ta yi.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma tana da dalili. Ɗanta Gi-tae ya daɗe da gyara mata ɗaki a gidansu na can saman bene a Daejeon, hujja kawai yake nema. "Mama, duk ranar da tukunya ta ƙone ba ki ji ƙauri ba, ranar zan zo da mota," in ji shi yana dariya. Ita ta haife shi, ta san ba dariyar ba ce. A saman bene ina tsakar gida, ina ramin binne randa? In babu kimjang, babu buɗe randa ran Kirsimeti, me zai sake tara su?

Ranar kimjang suka iso da sassafe, shi da matarsa Mi-ran da 'yarsu Da-on. Gi-tae na ɗibar kabeji yana mitar ciwon baya. Mi-ran kuwa ta sa safar hannu ta roba ta tsuguna gefen baho, inda ta saba. Tun da aka auro ta aikinta wanke kabeji da cusa haɗi tsakanin ganye. Kwanon haɗin kam, surukarta ba ta taɓa bari ta matso kusa ba. "Hannun 'yan birni," ta kan ce.

Jiƙa kabeji a gishiri bai ba Sun-deok tsoro ba, hannu ke gane wannan: ka lanƙwasa gindin ganye, in bai karye ba ya yi. Haɗin ne matsala. Barkono, tafarnuwa, citta, duk ta san awonsu da ido, amma jatan landen da aka adana a gishiri kowace shekara da ƙarfinsa. In ya yi kaɗan, kimci ya ruɓe a randa. Ta zuba, ta cakuɗa.

Da yake hannun kowa ya yi ja da barkono, mai haɗi ce ke naɗe ganye ta sa wa mutane a baki. Kullum ita ke fara ci, sai ɗanta. Bana Gi-tae ya wangale baki, ta wuce shi, ta cusa wa Mi-ran.

"Maman Da-on, ya kika ji?" Ta yi tambayar tana kallon baho.

"Ikon Allah!" in ji Gi-tae. "Yau Mama ce ke tambayar wani?"

"Rufe mana baki, ƙaro kabeji. Gwada ta nake."

Mi-ran ta tauna a hankali, ta dubi surukarta, ta sunkuyar da kai. "Ya yi, Mama."

Sun-deok ta tashi duba naman da ke kan wuta. Da ta dawo aka cusa, aka jera a randunan da ke cikin rami, aka rufe da karan shinkafa.

Bayan sun tafi hankalinta ya ƙi kwanciya. Yarinyar nan ai ko taɓo aka sa mata a baki "ya yi" za ta ce, don kunya. Sun-deok ta kan je bakin ramin ta tsaya, ta juyo. In ta buɗe ma me za ta ji? A coci ana koyon waƙoƙin Kirsimeti, ita addu'arta ɗaya ce, kuma kan kabeji take.

Ran Kirsimeti su Gi-tae suka dawo. Bayan an taso daga coci, suka zauna cin miyar wainar shinkafa. Gi-tae ya share dusar ƙanƙara daga kan ramin, ya ɗaga kara, ya ciro kimcin farko. Sun-deok ta yanka. Ta zuba masa ido yana tauna.

"Kai! Mama, na bana ya fi na bara. Da-on, ci ki ji hannun kakarki."

Wayyo, wani numfashi da Sun-deok ta sauke, har Da-on ta waigo. Kakar ta ce tururin miya ne ya shige mata ido, ta tashi ta nufi kicin.

Can ta tarar da Mi-ran a durƙushe tana ɗaura wani ɗan abu a jikin bututun gas.

"Mene ne wannan kuma?"

"Kyautar Kirsimetinki, Mama. In tukunya ta daɗe a wuta, da kansa yake kashewa."

Sun-deok ta dafa bango. 

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da kika tambaye ni. Haɗin nan lami ne, Mama, salam. Da kika tafi duba nama na ƙara jatan lande."

"Baban Da-on fa?"

"Shi? Wanda ko ruwan wanke kwano aka ba shi zai ce a ƙaro?" Mi-ran ta yi murmushi. "Ba zai ji daga bakina ba. Amma bayan sabuwar shekara ni da ke za mu ga likita, mu ce masa kasuwa muka je. In harshen ya dawo, shi ke nan. In bai dawo ba, baɗi ke ki haɗa, ni in ɗanɗana."

"Barkonon naki ya yi yawa," in ji Sun-deok.

"Ke kika zuba barkonon, Mama."

Suka koma teburi. Gi-tae ya miƙo kwanonsa yadda ya saba tun yana yaro. Sun-deok ta yago ganye mafi kyau da yatsunta, ta tsallake kwanon nasa, ta shimfiɗa shi a kan shinkafar Mi-ran.